Daga Rudun Albasa Zuwa Kwamfuta: Aikin da Ya Dace da 'Ya'yanmu Mata

Yau filin namu zai leƙa ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi, domin mu tattauna a kan wani aiki da galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa ana ɗaukar ma'aikata dominsa a bankuna da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Sunansa nazarin tafiyar aiki. Watau mutum ya bi sawun wani aiki tun daga inda ya faro har inda ya ƙare, ya ga hannu nawa ya bi, ina ya tsaya jira, ina kuɗi suka zurare, sa'an nan ya gaya wa masu kwamfuta abin da ya kamata su shirya. Ina roƙon uwargida ta kira 'yarta mai zuwa makaranta ku karanta tare, don maganar ta shafe ku duka biyu.

Bari mu fara da albasa, tun da ita da ɗorin karaya su ne suka fitar da sunan Aliero. Ke da kike zaune a Fagada ko wani ƙauye na wannan yanki, ba sai an gaya miki wahalar da ke cikinta ba. A yafa iri, a yi dashe, a yi ta ban-ruwa da rani, a cire, a shanya, a zuba a rudu a jira kuɗinta ya tashi. Ran da za a sayar sai a fito da ita a tsince ruɓaɓɓu, a zuba a buhu a ɗinke, a kai kasuwa. Dillali ya shiga tsakani ya karɓi la'adarsa, 'yan dako su loda, direba ya kama hanya ta Jega da Maiyama da Koko da Yawuri, ya nufi Legas ko Anacha ko Fatakwal. A can wani dillalin ya karɓa ya sayar, wani ya biya nan take wani ya ce sai ya juya, daga baya a turo kuɗi. Ki ƙidaya da kanki, buhun nan guda ya bi ta hannu bakwai ko takwas kafin kuɗinsa ya shigo gida.

To, a nan mai nazari take shigowa da littafinta. Mu ɗauka maigida ya zuba buhu 100 a rudu, ya fito da 70 masu kyau. Ita ba za ta tsaya a kan "Allah ya mayar da alheri" kawai ba, za ta yi addu'ar, ta kuma yi tambaya. Wane wata aka fi samun ruɓa? Rudun da ke gabas ko na yamma? Albasar ta bushe sosai kafin a zuba? Wa ke ƙidaya buhu wajen lodi, wa kuma ke ƙidayawa wajen saukewa, kuma lissafin nasu yana haɗuwa? Kwana nawa mota take yi a tasha tana jiran cika? Idan ɗan kasuwar Legas ya ce buhu uku sun lalace a hanya, wace shaida gare shi? Kwana nawa kuɗi suke yi kafin su iso, kuma a hannun wa suke kwana? Za ta tambayi kowa shi kaɗai, domin abin da dillali zai faɗa a gaban maigida dabam, abin da zai faɗa in ba ya nan dabam. In ta gama sai ta zana tafiyar duka a takarda guda, yadda kowa zai duba ya ga inda rijiyar take yoyo.

Kin ga ke nan har yanzu ba a taɓa kwamfuta ba. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe tun daga farko, domin mutane da yawa suna zaton aikin na masu kwance na'ura ne da sukudireba, ko na masu rubuta waɗansu alamomi da ba wanda ke ganewa. Mafi yawan ranar mai nazari tana ƙarewa ne wajen sauraro da tambaya da rubutu. Matar da ta taɓa riƙe girkin biki, ta san ƙarfe nawa za a ɗora sanwa, wa zai kai niƙa, kwano nawa za a aika gidan angwaye, ta kuma san cewa in itace ya makara komai ya makara, hakika ta san rabin karatun nan.

Abin sha'awa kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ilmi mace ce, uwar 'ya'ya 12. Sunanta Lillian Gilbreth, mutuniyar Amurka. Mijinta Frank magini ne tun asali. Shi ne ya lura cewa magini yana motsi 18 kafin ya ɗora bulo guda, ya gyara tsarin har motsin ya koma kamar biyar. A 1921 su biyun suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka hanyar zana tafiyar aiki a takarda, matakin farko zuwa na ƙarshe. Mijin ya rasu a 1924 ya bar ta da yara cike da gida. Da yake masu masana'antu na lokacin ba su cika son ɗaukar shawarar mace ba, sai ta juya ga madafa, ta yi ta auna takun da uwargida take yi tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da wurin ajiya, ta tsara yadda za a rage su. Ita ake jingina wa kwandon shara mai buɗewa da ƙafa da kantocin jikin ƙofar firiji. A 1935 ta zama farfesa a Jami'ar Purdue, ta rasu a 1972. Duk mai cewa wannan fage na maza ne, sai a ba shi labarinta.

Yanzu sai mu zo ga inda kwamfuta take shiga. Lissafin buhu 100 littafi guda ya ishe shi. Amma ki duba kamfanin casar shinkafa irin na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ko na Labana da ke Birnin Kebbi. Wuri irin wannan yana sayen shinkafa daga manoma masu ɗimbin yawa, ya auna, ya duba danshinta, ya biya, ya ajiye a sito, ya casa, ya sayar, ya biya albashi da haraji. In kowane ofis yana da littafinsa, to, mai sito zai ce buhu kaza ya rage, akanta ya ce ba haka ba, a kwana ana gardama. Saboda haka manyan kamfanoni suke amfani da babbar manhaja guda wadda ta haɗa dukan ofisoshi. Da an auna mota a bakin ƙofa an shigar, nan take mai sito ya gani, mai biyan kuɗi ya gani, manaja ma ya gani. Ana kiran irin wannan manhaja ERP. Mafi shahara ita ce ta kamfanin SAP na Jamus, wanda mutum biyar tsofaffin ma'aikatan IBM suka kafa a 1972. Akwai ta Oracle da ta Microsoft, akwai kuma Odoo ta ƙasar Beljiyam wadda ƙananan kamfanoni suka fi iya ɗauka.

Sai dai manhajar nan kamar yadi ce da aka sayo a kanti, sai an auna mai sawa an yanka an ɗinka. Mai nazari ita ce mai awo. In awon ya kuskure, rigar ba za ta shiga ba komai tsadar yadin, kuma mun ga haka da idonmu a ƙasar nan.

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na bai ɗaya da ake kira IPPIS, don a san ma'aikatan gaske a daina biyan na bogi. An kuwa ga amfanin irin wannan tantancewa. A watan Fabrairu na 2016, lokacin Ministar Kuɗi Kemi Adeosun, ma'aikatarta ta ba da sanarwar cire sunaye fiye da 23,000 daga takardar albashi bayan an gwada su da lambar banki ta BVN. Amma da aka zo sa malaman jami'a cikin tsarin sai rigima ta tashi. Ƙungiyarsu ta ASUU ta ce ba a yi la'akari da yadda jami'a take tafiya ba, inda malami kan tafi wata jami'a koyarwa na shekara guda, ko a gayyato wani daga waje na ɗan lokaci. Wannan na cikin dalilan yajin aikin 2020 da ya kai wata tara, da na 2022 da ya kai wata takwas. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Rigimar tana da fuskoki da yawa, har da na kuɗi da na iko, amma wani sashe nata na awo ne. Iyayen da 'ya'yansu mata suka zauna gida watanni, waɗansu har aka yi musu aure karatun ya tsaya a nan, sun san abin da ya ci musu.

Mutanen Jega kuma suna da nasu misalin na gida. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, a zamaninsa aka shigo da na'urar tantance katin zaɓe a zaɓen 2015. Mataki guda aka ƙara cikin tafiyar aikin, watau a duba katin da yatsan mai shi kafin a ba shi ƙuri'a. Na'urar ta ba da wahala a wurare, har ta ƙi karanta katin Shugaba Jonathan da kansa, amma kowa ya ga yadda mataki guda yake iya sauya al'amari babba.

Na san tambayar da ke bakin 'yan makaranta. Za ku ce, ai yanzu an yi ƙirƙirarriyar basira, me ya rage wa mutum? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai ayyukan da take ci. Iyayenku sun san zamanin da yarinya in ta iya buga tafireta ta sami abin yi har ta yi ritaya. Kwamfuta ta zo ta share wannan. Haka nan yau aikin kwafe lambobi daga rasit zuwa na'ura, wanda ake ɗaukar akawu dominsa, na'urorin zamani suna karanta rasit ɗin su shigar da kansu. Yarinyar da iyakar abin da ta koya ke nan, tana tsaye ne a kan tabarmar da ake naɗewa.

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, irinsa sun yi yawa, akwai Gemini na Google da Copilot na Microsoft, kuma tun 2024 Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Nijeriya, watau yana cikin wayar da ke hannunki. Masu manyan manhajoji su ma sun sa nasu, SAP ta fito da wanda ta kira Joule a 2023. Akwai kuma waɗanda aikinsu shi ne su karanta bayanan da suka taru cikin manhajar kamfani, su nuna inda takardu suke daɗewa, kamar na kamfanin Celonis da aka kafa a Jamus a 2011. Ga mai nazari waɗannan duka 'yan aike ne masu sauri. Ta ba shi rubutun hirar da ta yi da mutum goma ya taƙaita mata. Ta bayyana masa matakai ya jera su. Ta manta yadda ake wani lissafi a Excel ya tuna mata. Abin da dā yake cin kwana biyu, yanzu kafin la'asar an gama.

Amma ɗan aiken nan bai taɓa zuwa kasuwar Aliero ba. Bai san cewa buhun wani ya fi na wani cika ba, bai san cewa akwai bashin da ba a rubutawa saboda surukuta ba, bai kuma san cewa in ɗan kasuwa ya ce "sai jibi" yana iya nufin sai bayan Salla ba. Abin da aka rubuta kaɗai yake gani, alhali rabin cinikin ƙasarmu a ka yake da amana. Ga shi kuma da wani hali, in bai san abu ba ba ya yin shiru, sai ya ƙaga amsa ya faɗa da ƙarfin zuciya kamar ya gani da idonsa. Hausarsa tana gyaruwa, amma ki yi masa irin ta mutanen Kabi da Sakkwato ki ga yadda zai yi tuntuɓe. Don haka dole a sami mai duba aikinsa, wadda ta san wurin ta kuma san mutanen. Sa'an nan a yi hattara da sirri. Sunayen masu ciniki da lambobin asusunsu ba abin zubawa cikin kowace manhaja ba ne, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, kuma ma'aikaciyar da ta yi sakaci da wannan tana iya rasa aikinta.

Akwai wata ƙofa kuma da mace kaɗai take iya shiga, ina nufin ƙofar gida. Turara shinkafa, matsar man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, adashe, duk a cikin gida ake yinsu, bayan zaure inda aka rubuta "ba shiga". Banki ko kamfani ko hukumar da take son yin hulɗa da ƙungiyoyin mata sai ta san yadda sana'ar take tafiya, wa ke sayo gyaɗa, wa ke kai talla, yaushe uwar adashe take tarawa. In aka aiko namiji daga Legas, a zaure zai tsaya ya ji ta bakin maigida, maigida kuwa sau da yawa bai san mudu nawa ake soyawa a rana ba. 'Yar gari mai ilmin nan za ta shiga har madafa ta zauna a kan turmi. A ganina wannan babban jari ne da 'ya'yanmu suke da shi, ba su kuwa san suna da shi ba.

To, ta wace hanya ake bi? Ke 'yar sakandare, ki riƙe Lissafi da Turanci da hannu biyu, domin ba jami'ar da za ta ɗauke ki a wannan fanni in babu su cikin darussa biyar da kika ci da kyau a WAEC ko NECO. Mai son ilmin kwamfuta za ta haɗa da Fiziks a jarrabawar JAMB. Wadda take ajin kasuwanci kada ta ce an bar ta a baya, masu karatun akanta da na gudanar da kasuwanci da na tattalin arziki suna shiga aikin nan sosai, wani lokaci ma sun fi saurin gane shi. Makarantu kuwa ga su a kusa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana nan Aliero tun 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yarinyar Maiyama tana iya karatu a Aliero ta zo gida ƙarshen mako mahaifiyarta ta gan ta.

Uwargida da ta riga ta yi aure, ƙofa ba ta rufe ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ɗaukar matan aure, galibin karatun daga ɗaki ake yi. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin koyar da fasahar zamani da ake kira 3MTT a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, inda ake koyar da nazarin bayanai da makamantansa ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Wadda ta yi nisa kuma akwai ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, IIBA, da aka kafa a Kanada a 2003, tana ba da takardar shaida mataki-mataki, ta farko ita ce ECBA. Amma kada a yi gaggawar biyan kuɗin takarda. Masu cuta sun yi yawa a waya, suna cewa a biya kaza a zama gwani cikin mako biyu. A fara da Excel, a iya shi sosai, shi ne tsanin farko.

Ayyukan da ke cikin fagen ba guda ba ne. Bayan mai nazari akwai mai kula da manhajar kullum, wadda take buɗe wa sabon ma'aikaci ƙofa ta rufe wa wanda ya bar aiki. Akwai mai gwaji, wadda take neman kuskure kafin a sakar wa jama'a. Akwai mai koyar da ma'aikata yadda za su yi amfani da sabon tsari, kuma wannan ya dace da wadda ta taɓa koyarwa. Gaskiyar magana, mafi yawan guraben suna Legas da Abuja da Kano, na Kebbi kaɗan ne tukuna. Ana yin wani sashe daga gida ta intanet, amma sai da wuta da layi mai ƙarfi, mu kuwa mun san halin da ake ciki. Wannan magana ce da za a zauna da maigida ko mahaifi a yi ta a tsanake tun kafin a sayi fom, a san inda za a zauna da wanda za a zauna wurinsa, kada sai takardar ɗaukar aiki ta zo a fara jayayya.

Kafin nan, ga abin da za ku gwada a wannan mako ke da 'yarki, ba ya bukatar komai sai littafi da fensir. Ku zaɓi sana'a guda ta cikin gida, a ce man gyaɗa. Yarinya ta zauna gefe ta rubuta kowane mataki, tun daga sayen gyaɗa har kuɗin kwalba ta ƙarshe ya shigo hannu. Ta yi amfani da alamomi biyar da injiniyoyin Amurka suka daidaita a 1947 daga aikin su Gilbreth. Da'ira ga inda ake aiki, kamar suya ko matsa. Kibiya ga inda aka ɗauki kaya zuwa wani wuri, kamar kai niƙa. Murabba'i ga inda ake dubawa ko awo. Alama mai kama da harafin D ga inda ake jira. Mai kusurwa uku ga inda aka ajiye. A gefen kowace alama ta sa minti nawa ya ci da naira nawa, har da kuɗin itace da na inji da ladan mai kai niƙa, waɗanda galibi ba ma sa su a lissafi.

In an gama ku ƙidaya alamomin jira, ku tara mintocinsu, sa'an nan ku gwada da mintocin da'ira. Ku maimaita sau uku a ranaku dabam-dabam, don rana guda ba ta isa shaida ba. Wadda take da waya mai WhatsApp ta karanta wa Meta AI matakan, ban da sunan kowa, ta tambaye shi inda za a rage ɓata lokaci, sa'an nan ta kawo amsar gaban mahaifiyarta su tace, wanne zai yiwu a gidan nan, wanne kuma maganar wanda bai taɓa tsayawa layin inji ba ce. Littafin kuma a adana shi a cikin akwati, ranar da yarinya za ta je ganawar neman aiki ta tafi da shi.